Inshorar gida a Amurka: idan 'yan sanda suka fasa gida, wa zai biya?

'Yan uwa na gida, duk mai niyyar sayen gida a Amurka ya karanta wannan. A wajenmu mutum da guminsa yake gini, kaɗan ne ke yi wa gida inshora. Nan kuwa yawanci da bashin banki ake saye, banki kuma ba ya sakin kuɗi sai ya ga takardar inshora. Gobara, guguwa da sata suna ciki. Ambaliya da girgizar ƙasa daban ake sayen tasu.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɓarnar hukuma. Takardar da aka fi saye, HO-3, tana da sharaɗin da ya cire duk abin da aka rushe ko aka ƙwace bisa umarnin hukuma, sai dai in don a tare gobara aka yi. A 2020 a garin McKinney na jihar Tekzas, wani mai laifi ya ɓuya a gidan wata baiwar Allah, 'yan sanda suka fasa gidan da motar sulke da barkonon tsohuwa, kamfanin inshora ya ƙi biyan wannan ɓarna. A Greenwood Village ta Kolorado a 2015, bayan awa 19 ana artabu tsakanin 'yan sanda da wani mai laifi da ya ɓuya a wani gida, gidan sai rushe shi aka yi. Can inshora ta biya, amma hukumar gari dala 5,000 kawai ta yi tayin bayarwa, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ce a 2019 babu diyya. Wannan bai yi mini daidai ba ko kaɗan. Kotun ƙolin jihar Minesota tun 1991 ta ce gari ne zai biya, saboda haka jihar da kake zaune ita ce magana.

Kafin ka sa hannu, tambayi dillalin inshora a rubuce ko takardar na biyan ɓarnar 'yan sanda, ya amsa a rubuce. In abin ya faru, ɗauki hoto kafin shara, karɓi lambar rahoton 'yan sanda. Kada ka kunna na'urar ɗumama gida, domin barkonon tsohuwa bin bututunta yake yi ya shiga kafet da katifu, tsabtace shi kuma akwai tsada. Takardar neman diyya daga gari tana da wa'adi: kwana 90 a Niyok, wata shida a Kalifoniya. In ya wuce, ƙarar na iya mutuwa. Ɗan haya kuma ya sayi tasa, ta mai gida ba ta biyan kayan ɗakinsa.