Nedarait a Minecraft: wace hanya za ka bi, kuma wane kaya za ka fara ɗagawa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu buga Minecraft, musamman na nan Makka da Jidda. Daren Alhamis da ya wuce muna zaune a gida a Shara Mansur bayan isha, ɗan yayata ya miƙo min jawwal ɗinsa ransa a ɓace wai kawu duba min, ya samu curinsa na farko na nedarait, ƙarfen nan da ake ɗaga kayan daimon da shi su ƙara ƙarfi, bayan kwana da kwanaki yana haƙa, ya je teburin maƙera ya ɗora takobinsa na daimon ya ɗora curin amma abu ya ƙi haɗuwa. Ashe bidiyon da ya bi tsoho ne. Nedarait ya shigo wasan ne a watan Yunin 2020 da sabuntawar 1.16, a lokacin curi da kayan daimon kawai kake buƙata, to amma tun Yunin 2023 da Mojang masu wasan suka fito da 1.20 sai ka haɗa da wani allon ƙira da ake kira tamplet, in babu shi ko curi ɗari gare ka ba abin da za ka ƙera. Wallahi yaron ya ba ni tausayi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta lissafin gaba ɗaya, don kafin mutum ya zuba lokacinsa da datarsa ya san me yake saye da su.

Mu fara da kuɗin kaya, yani farashin a cikin wasan. Abin da ake haƙowa shi ne tsohon tarkacen nan mai ruwan ƙasa da zane kamar bawon itace, a Neda kaɗai yake, yani duniyar wutar nan ta cikin wasan. Kowane ɗaya in ka gasa shi a murhu yana ba ka gutsure ɗaya, gutsure 4 da curin zinare 4 su ne curin nedarait ɗaya, curi ɗaya kuma kaya ɗaya yake ɗagawa. Kayan nan tara da aka saba, kwalkwali, rigar sulke, wando, takalmi, takobi, diga, gatari, shebur da fartanya, za su ci tarkace 36 da zinare 36. Wannan kowa ya sani. Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne tamplet, don kowane ɗagawa yana cinye guda ɗaya, kuma kwafe shi sai ka ba da daimon 7 da nedarak ɗaya, jan dutsen nan da ya cika Neda, sannan ɗaya ya zama biyu. Kenan in guda ɗaya ka samo kana son tara, kwafi 8 ne, daimon 56. Ka ƙara da daimon 35 na ƙera su kayan tara ɗin, ya kama 91. Ka ga kenan rabin wahalar nedarait ma ba a Neda take ba, a ramin daimon take can ƙasan duniya wajen layin Y -59, Y ɗin shi ne lambar da ke nuna zurfi. Ana iya rage 35 ɗin in kana da mutanen ƙauye maƙera da suka kai babban mataki, suna sayar da sulke da kayan aikin daimon da koren dutsen nan emaral, ni haka nake yi, daimon ɗina duk na tamplet ne.

Kuma don Allah, in ka samu tamplet na farko kar ka sa shi a kaya. Ka kwafe shi tukuna ka ajiye ɗaya a akwati a gida kamar yadda manomi yake ɓoye iri. Wanda ya cinye na farkon sai ya koma neman wani bastiyon, ginin da ake samun tamplet a cikinsa, kuma wanda ya taɓa shiga ya san ba wurin da ake son komawa sau biyu ba ne.

Bastiyon shi ne baƙin ginin nan na cikin Neda na figlin, masu kan alade. Iri huɗu ne, kuma bambancinsu ya shafe ka sosai. Mai ɗakin taska, wanda akwatinsa ke can ƙasa a tsakiyar laba, yani narkakken dutsen nan mai wuta, shi ne tamplet tabbas ne a cikinsa, sauran ukun kowane akwati sa'a ce ta kashi 10 cikin 100. A akwatunan bastiyon kana iya tsintar tarkacen kansa ko gutsure, a ɗakin taska har curi gamamme. To shi ya sa wasu ke cewa me zai sa in yi haƙa, bari in yi ta bin bastiyon kawai. Ni ban goyi bayan wannan ba a matsayin hanyar tara tarkace, ginin ba ya kusa da juna, tafiyar da za ka yi a bakin tekun laba gast, farin dodon nan mai tashi, na harbinka daga sama ta fi ribar yawa. Ka shiga ɗaya don tamplet, abin da ka samu a kai alheri ne, halas. Ka sa ko takalmin zinare ne don figlin su ƙyale ka, amma ka sani da ka buɗe akwati a gabansu zinaren ba ya ceto, sannan manyansu masu gatarin zinare su ba ruwansu da abin da ka saka, da ganinka za su taso. Ka tafi da tubala da yawa ka dinga toshe hanya a bayanka, ka buɗe akwati daga inda ba za su iso ka ba.

Yanzu haƙar kanta. Tarkacen ya fi yawa wajen layin Y 15 zuwa 16, kuma kusan kullum a binne yake ba ya leƙowa fili, sai ka fasa duwatsun da ke kewaye da shi. A Java, yani wasan na kwamfuta, maɓallin F3 ne ke nuna maka layin, a Bedrock wanda shi ne na waya da PlayStation sai ka kunna nuna lambobin wuri a saitin duniyar. Sai da digar daimon ko ta nedarait yake fitowa, da ta ƙarfe za ka fasa shi a banza. Kuma ƙarin ƙarfin nan na ninka sa'a da ake sa wa diga don daimon ba ya aiki a kansa, ɗaya ɗaya ne.

Hanya ta farko ita ce diga zalla, ka yi ta yanka dogon lungu kana buɗe rassa hagu da dama. Ba ta cin komai sai digar da haƙurinka. In digarka tana da ƙarin sauri mai yawa nedarak narkewa yake kamar man shanu a rana, kana tafiya yana zubewa, in kuma tana da mendin, ƙarin ƙarfin nan mai gyara kaya, sai ka dinga fasa farin dutsen kwaz da ka ci karo da shi yana gyara maka ita. Matsalarta saurin ne da kansa, don laba a Neda ta fi ta duniyar sama gudu, ka fasa bango ta kwararo maka kafin ka ja baya. Wanda digarsa ba ta da komai a jiki kuwa, gaskiya wannan hanyar za ta gajiyar da shi har ya tsani wasan.

Hanya ta biyu ita ce gado, kuma ita na fi ba sabon shiga shawara. A Neda in ka taɓa gado da niyyar kwanciya fashewa yake, fashewarsa ma ta fi ta TNT ƙarfi, shi kuma tarkacen fashewa ba ta cinsa, sai nedarak ya watse shi ya rage a tsaye kana ganinsa. Gado ulu 3 ne da katako 3, kenan garken tumaki da almakashi sun ishe ka, ba ka kashe wani abu mai tsada ba. Yadda ake yi, ka yanka lungu, ka ajiye gadon a ƙarshe, ka ja baya iya inda hannunka zai kai, ka sa tubali ɗaya tsakaninka da shi ya tare maka ƙafa, sannan ka taɓa. Amma tana da aibi guda biyu da ya kamata ka sani tun yanzu. Gado ba ya taruwa a gurbi ɗaya, kowane ɗaya gurbinsa daban, don haka ulu da katako za ka ɗauka da ƙaramin teburin ƙira kana haɗawa a can. Na biyu yana barin wuta ko'ina a ramin, ga shi a Neda ruwa ba ya zama, da ka zuba ya ƙafe, sai ka bi kana kashe ta da hannu. A waya kuma sai an yi hattara, ɗan yayan nan nawa sau biyu yatsansa na zamewa ya taɓa gadon yana tsaye a kansa. In da sulke mai kariyar fashewa ka saka shi, don maganin wuta da ake sha ba ya tare fashewa.

TNT ita ce hanyar wanda ya riga ya kafu. Kowane ɗaya albarushi 5 da yashi 4, yashi ba matsala amma albarushi sai kana da gonar kirifa, koren dodon nan mai fashewa da ke zubar da shi, in babu za ka ƙare dare kana farautarsu don abin da zai fashe cikin minti ɗaya. In akwai gonar kuwa babu hanyar da ta kai ta daɗi, 64 na shiga gurbi ɗaya, ka jera su a dogon lungu da 'yar tazara, ka kunna na farko ka gudu baya su yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, ba ta barin wuta kamar gado, ka dawo ka tarar da rami doguwa kana tsinta. Sai dai masu ƙaramar waya su rage yawa, jeri mai tsawo yana sa wasa ya tsaya cak na ɗan lokaci, ga zafin garin nan wayar da ma a ɗumame take, kuma lokacin da allo ya daskare shi ne lokacin da laba ke zuwa.

Ko wace ka zaɓa cikin ukun, kar ka sauka ba maganin wuta. Na yau da kullum minti 3 yake yi, in ka ƙara masa jan garin redston ya koma minti 8. In ba ka kai ga dafa magani ba tukuna ka jefa wa figlin curin zinare, cikin abubuwan da suke musanyawa akwai shi, sai dai sa'a ce. Kwalba huɗu ko biyar sun fi maka takobi mai kyau amfani a can ƙasa.

Akwai hanya ta huɗu da yara ke yawan tambayata, wai a saya da riyal. A duniyarka ta kanka wasan ba ya sayar da nedarait, babu inda za ka danna ka biya. Masu ce maka ka turo lambar katin caji ko katin kyauta za su ba ka cikakken sulke a wani saba, yani duniyar da mutane ke bugawa tare ta intanet, ka tambayi kanka in ya karɓa ya toshe ka wa za ka kai wa ƙara, in ma ya ba ka ɗin ranar da sabar ta rufe ko aka share duniyar kayan sun tafi. Na ga yaron da ya ba da kuɗin da ya tara na sallah a haka, har yau abin yana min ciwo. Haka masu sa abin gani ta cikin dutse, a yawancin sabobi kora ce kai tsaye. Yanayin ƙirƙira kuma yana ba ka komai kyauta amma a Bedrock da ka kunna shi lambobin yabo na wannan duniyar sun rufe.

To curi na farko ya zo hannu, tamplet an kwafe, me za a ɗaga. Yawanci takobi suke rugawa don shi ake gani a hannu, ni kuma a nan nake saɓa musu, maki ɗaya kacal ya fi na daimon sara. Diga nake ɗagawa. Ƙarkonta yana tashi daga wajen 1,560 zuwa wajen 2,030, ta ƙara sauri, kuma ita ce za ta haƙo maka sauran tarkace 32 ɗin da daimon ɗin kwafi. Sannan babban abin, kayan nedarait ba sa ƙonewa, in ka mutu a laba komai naka zai tafi amma ita za ka dawo ka same ta tana yawo a sama in ka iso kafin minti 5 na ɓacewar kaya, kuma duk ƙarin ƙarfin da ka wahala ka sa mata yana nan, don ɗagawa ba ya goge su. Saboda haka ka ɗaga digar da ta fi kowacce kaya a jiki, ba sabuwa fil ba.

Bayan diga sai sulke. Makin kariyarsa ɗaya ne da na daimon, 20 in ya cika, bambancin yana wajen tauri, kowane yanki 3 maimakon 2, shi ne ke rage zafin babban duka, ga kuma rage turewa idan an buge ka, wanda a kan siririyar gada a saman laba ba ƙaramin abu ba ne. Riga ce ta fi kariya, amma in ka riga ka samu fukafukan tashi ka tuna gurbinsu ɗaya da rigar, yawancin lokaci a jaka za ta zauna, gara ka fara da wando da takalmi. Masu faɗa da mutane a saba su lissafinsu daban, su cika sulke kafin gatari da shebur. Fartanya kuwa a Java wasan yana ba da lambar yabo a kanta, in kana bin lambobi ka bar ta ƙarshe.

Ɗan yayan nawa gado muka zaɓa masa tunda tumaki gare shi fal babu gonar kirifa, curinsa yana akwati ba mu taɓa ba. Wannan Juma'ar in Allah ya kai mu bayan la'asar za mu shiga neman bastiyon mai ɗakin taska mu biyu, ni a gaba da tubala shi a baya da baka, na kuma ce masa ya tara daimon 7 ya ajiye a gida kafin nan.