Tebur mai juyawa na inci 6, bayan wata takwas a kan ƙaramin injina

Ni ba sana'ata ba ce aikin ƙarfe. Ma'aikacin ofis ne ni a Kaduna, sai Asabar da Lahadi nake shiga garejin gida in kunna ɗan injin milin ɗina, wato injin da ke yankan ƙarfe da baki mai juyawa, in ga abin da zan iya fitarwa. Abin da ya sa na nemi tebur mai juyawa, wanda ake ɗorawa a kan injin don ya riƙa juya aikin daidai gwargwado, kuwa wata giya ce ta injin taliyar uwargida da haƙoranta suka cinye. Na zaga Panteka har ƙafa ta gaji ban samu irinta ba, na ce to bari in yanka da kaina.

Na fara da na inci 4, saboda arha, kuma saboda na ɗauka ƙaramin inji sai ƙaramin tebur. Nan na yi asarar kuɗina. Lafiyarsa ƙalau wajen juyawa, amma faɗin fuskarsa milimita 100 ne kacal. Ka ɗora ƙarfe mai faɗin milimita 70, ina za ka sa maɗauran da za su danne shi? Na wuni ina dabara da notina da guntayen ƙarfe kamar mai ɗaurin kaya a kan jaki, ƙarshe aikin ya zame ana tsakiyar yanka, bakin yankan ya karye. Na sayar da shi ga wani mai gyaran agogo, wanda shi kam ya yi masa daidai.

Wanda nake amfani da shi yanzu na inci 6 ne, milimita 150, marar suna, irin waɗanda ake kwaikwayon ƙirar Vertex ta Taiwan. Ana iya kwantar da shi, ana iya tsayar da shi a gefensa, kuma wannan tsayuwar ita ce ta ba ni damar yankan giya. Ramin tsakiyarsa MT2 ne, wani sanannen ma'auni na rami mai tsukewa, don haka sandar da na riga na mallaka ta shige ba gardama, da ita nake daidaita tsakiyar tebur da tsakiyar injin.

Abin da na fi so a jikinsa lissafinsa ne. Sai ka juya hannun sau 90 kafin tebur ya zagayo sau ɗaya, wato kowane juyi digiri 4 ke nan. Ramuka shida a da'ira, juyi 15 tsakanin kowane biyu. Ramuka biyar, juyi 18. Ko almajirin da ya fara jiya zai riƙe wannan. Giyar uwargida haƙora 24 gare ta, 90 a raba 24 ya ba da juyi uku da kashi uku cikin huɗu. A nan faifan rabo, wanda ake ɗaurawa a wurin hannun don ƙirga ɓangaren juyi da ramukansa, ya yi rana. Na sayi saitin faifai uku masu layukan ramuka, na farkon yana da 15 zuwa 20, sai na zaɓi layin 20, ina yin juyi uku da rami 15. Shawarata, in za ka saya ka haɗa da faifan nan tun farko, ka kuma tabbatar na teburinka ne, don ba kowanne ke hawa kowanne ba. Ƙirga digiri da ido a haƙori na goma sha bakwai, ga yara suna kiranka, ga wuta na iya ɗaukewa, ba abin da zai haifar sai giya mai haƙori ɗaya siriri.

Yadda teburin ya iso kuwa, sai da na yi masa wanka. Na kwance shi gaba ɗaya na tarar da giris mai kauri gauraye da ɗan yashin zubi da ɓurɓushin ƙarfe. Kananzir, tsohon buroshin haƙori, sabon mai, yamma guda ta tafi. Bayan nan juyinsa ya yi laushi. Yana da ɗan wasa a hannu, in ka koma baya sai ka ji ya tafi fanko kafin ya kama. Akwai inda ake matso da sandar mai zare kusa da giyar ciki, na matsa ya ragu sosai, amma bai ɓace ba, kuma in ka matse da yawa hannun ya ƙi juyawa a wani gefen. Na saba da juyawa ta fuska ɗaya kawai. In na zarce, sai in koma baya da rabin juyi in sake tahowa. Kuma kafin baki ya taɓa ƙarfe ina ɗaure makullai biyu na gefen teburin da ke hana shi motsi, in ba zagaye nake yanka ba.

Inda ya kusa kayar da ni shi ne tsawo, kuma ba wanda ya gaya mini wannan kafin in saya. Teburin a kwance ya cinye wajen santimita 8. Na ɗora cok, wato abin da ke damƙe aikin, mai baki uku da farantinsa, wasu 8 ɗin suka tafi. Na sa cok ɗin huji da bakinsa a sama, sai na ga kan injin ya ƙure, aikin ma bai samu wurin shiga ba. Dole na koma amfani da gajerun bakuna ina riƙe su da kolet, wato ɗan gajeren mariƙi da ke shiga hancin injin. Don haka kafin ka biya, ɗauki tef ka auna daga hancin injin zuwa teburinsa, ka cire duk waɗannan, ka ga abin da ya rage maka. Ka duba tsagogin fuskarsa ma: nawa huɗu ne, sun dace da maɗaurai, amma cok mai ƙusa uku sai da na yi masa faranti na musamman.

Nauyinsa ya haura kilo 10, ina ɗaga shi ni kaɗai. Na inci 8 na gwada ɗagawa a shagon wani abokina, bayana ya ba ni amsa nan take, kuma a injina hannunsa ma zai riƙa dukan ginshiƙi.

Giyar ta fito a gwaji na biyu, da tagulla na yi ta. Uwargida ta murza taliya a ranar, ta kuma kawo mini murfin tukunyar da take so a huda masa ramuka takwas.