Micro:bit a darasin yanayi: abin da na gani cikin zango guda

Na shafe zangon karatu guda ina amfani da micro:bit V2, wata 'yar ƙaramar kwamfuta ta koyarwa, tare da ɗaliban ƙaramar sakandare wajen bibiyar yanayi, kuma a ganina babban amfaninta shi ne tana sa yaro ya tambayi inda alƙaluman da ke gabansa suka fito. BBC ce ta fara raba na'urar kyauta ga ɗaliban Birtaniya a shekarar 2016, wannan samfurin kuma ya fito a 2020. Ɗan allo ne da bai cika tafin hannu ba, mai ƙananan fitilu 25, kuma batir AAA biyu sun ishe shi, don haka ɗauke wuta ba ya tsayar da darasi.

Ɗalibai sun jera umarni a manhajar MakeCode cewa na'urar ta riƙa rubuta zafi da haske duk bayan minti goma, washegari kuma muka jona ta da kwamfuta muka tarar da alƙaluman a jere.

Sai dai ya kamata malami ya sani tun farko cewa ma'aunin zafinta yana cikin ƙwaƙwalwar na'urar ne, wato zafin jikinta take faɗa, wanda yake kusa da na iska matuƙar tana inuwa. Wani rukuni ya ajiye tasa a bakin taga rana na dukanta, wani kuma ya rataye tasa a reshen darbejiya, da aka kwatanta sakamakon sai gardama ta kaure, kowa na cewa na ɗan'uwansa ne ba daidai ba. Wannan gardamar ce ta ba ni damar bayyana dalilin da ya sa tashoshin hasashen yanayi suke sanya ma'auninsu cikin farin akwati mai ƙofofin shan iska, sama da ƙasa da fiye da mita guda. Ban taɓa ganin sun saurari bayani haka ba.

Ba ta auna danshin iska sai an haɗa mata ƙarin ma'auni. Mai araha, DHT11, daga kashi 20 cikin ɗari yake farawa, alhali danshin hunturu a Kano yakan sauka ƙasa da haka, saboda haka BME280 ya fi dacewa da mu, ga shi yana ba da matsin iska. Ruwan sama kuwa, har yanzu da yankakkiyar gorar roba da rula muke auna shi.