Mono ko Sitiriyo: Wanne Za Ka Saya a Tsofaffin Faifan Beatles da Beach Boys?

Mai neman faifan waƙoƙin Turawa na shekarun 1960 yakan tarar da albam ɗaya a bugu biyu, mono (duk sautin ta hanya ɗaya) da sitiriyo (sautin a rabe hagu da dama). Kada ka ɗauka sitiriyo ya fi don kawai shi ya zo daga baya. A wancan zamani, yawancin matasa da rediyo ko garmaho mai lasifika ɗaya suke sauraro, saboda haka kan mono mawaƙa suke zuba ƙarfinsu.

Ɗauki albam ɗin Beatles, Sgt. Pepper na 1967. 'Yan Beatles da kansu suka zauna a sitidiyon EMI da ke Landan ana haɗa sautin mono, na sitiriyo kuwa aka bar wa furodusansu George Martin da injiniyoyinsa, suka kammala cikin 'yan kwanaki. Bambancin ma ba a rabon sauti kaɗai ya tsaya ba: waƙar She's Leaving Home ta fi sauri a mono, muryar kuma ta ɗan fi tashi. Albam ɗinsu Rubber Soul na 1965 kuwa, idan ka sa na sitiriyo a abin sauraro na kunne, murya ta koma kunne guda, kayan kiɗa ɗaya kunnen. Abin da gajiyarwa, gaskiya. A mono ganga da jita da murya sun dunƙule, sautin ya fi nauyi.

Albam ɗin Beach Boys, Pet Sounds na 1966, ba ya buƙatar dogon tunani. Jagoransu Brian Wilson ba ya ji sosai da kunne ɗaya, kuma a mono ya haɗa shi. Sitiriyo na gaskiya bai fito ba sai 1997. Duk wanda ka ga an rubuta Duophonic a jikinsa, ajiye shi. Mono ne kamfanin Capitol ya yi wa dabara.

Amma fa daga 1969 lissafi ya sauya. Abbey Road na Beatles a sitiriyo aka haɗa shi tun farko, nan babu zaɓi. Kuma in da wayarka kake sauraro, sabon haɗin Sgt. Pepper da Giles Martin, ɗan George Martin, ya yi a 2017 ya fi daɗi a kunne, don ya dawo da muryoyi tsakiya. Mai son na asali kuwa ya nemi The Beatles in Mono, tarin albam ɗinsu na mono, wanda ya fito a faifan CD a 2009, a faifan garmaho a 2014.