Ɗauko tsohuwar mota zuwa Bauchi: wace hanya ta fi, kuma nawa ya kamata a biya ɗan'uwa?

Duk wanda son tsofaffin motoci ya kama ya san ciniki ba shi ne wahalar ba. Za ka ji labarin wata Fijo 504 a Jos, irin waɗanda kamfanin Peugeot ya riƙa haɗawa a Kaduna, inda ya buɗe masana'anta a 1975. Ta yi shekara goma a gindin mangwaro, tayoyi sun kwanta, kaji na saka ƙwai a kujerar baya. An yi ciniki, an sallama, an sha hannu. Saura yadda za ta iso Bauchi, kilomita wajen 130, alhali ko tari injin ba ya yi.

Abin da kowa ke fara tunani shi ne igiya, don ita ce mai arha. A cikin gari, daga Yelwa zuwa garejin bakanike, ba laifi. A hanyar Jos kuwa ban ba kowa shawara ba. Jos na kan tsauni, Bauchi na ƙasa, kusan mita 600 ne bambancin tudu a tsakaninsu, wato gangara ce za ka yi ta bi ta Tilden Fulani da Nabordo. Motar da injinta ke kashe birkinta tauri yake yi, balle wadda man birkinta ya bushe tun zamanin da. Ta gaba na rage gudu, ta baya sai ta shige mata. In ya zama dole a ja, a nemi sandan ƙarfe maimakon igiya, a kuma tabbata tayoyin za su riƙe iska. Mai giyar otomatik kam kada ma a fara: famfon man giyarta da injin yake aiki, jan ta nesa a kashe ƙona giya ne.

Janwe, wato motar jan lalatattun motoci, ta fi wannan kwanciyar hankali, amma a tambayi wace iri ce. Mai ɗaga gaba tana barin tayoyin baya suna birgima, ga shi 504 da Volkswagen Beetle duk da baya suke ja, don haka giya da akis na juyawa har a iso. Mai shimfiɗaɗɗen baya, wadda ake hawar da motar gaba ɗaya, ita ce ta dace da motar da ta daɗe a ajiye. Tsadarta ce matsalar, domin mai janwe yana lissafa zuwa da komowa, ko da ya ce maka kuɗin zuwa kawai ya yanka.

Akwai kuma Kanta ko babbar motar da ta sauke kaya za ta koma fanko. A doguwar tafiya, kamar daga Kano ko Kaduna, babu abin da ya kai ta sauƙi, tunda direba ko da kai ko ba kai zai ƙona man. Sai dai ba ta da matakala. Za a yi ta neman tudun da za a jingina bayanta, a shimfiɗa katakai, a tara majiya ƙarfi su tura motar da ta haura tan ɗaya, sannan a sake wannan wasan a wurin saukewa. Ga la'adar 'yan kamasho, ga jiran ranar da direba ya ga dama. Vespa ko tsohon babur kuwa, akori-kura ta wadatar, a sa tsohuwar katifa kada bodi ya goge.

Ta huɗun ita ce wadda yawancinmu ke bi, kuma a nan rigima take: ɗan'uwa a harkar da ke da Hilux da ƙaramar tirela. Ya san inda ake ɗaure tsohuwar mota, ba zai sa sarƙa a bamba ya fizge ta ba. Matsalar kuɗin ce. Ka tambaye shi, "Alhaji, nawa zan kawo?" ya ce, "Haba, tsakaninmu? Ka ba da abin da ya sauƙaƙa." Na taɓa faɗar wannan maganar da bakina. Na je Gombe, kilomita wajen 155, na ɗauko wa wani abokina mota, na wuni a hanya, taya ta fashe mini bayan Alkaleri. Da muka sauke sai ya miƙo mini abin da bai kai kuɗin man zuwa ba, yana ta sa albarka. Ba mugunta ya yi ba, bai san abin da tafiyar ta ci ba ne, ni kuma kunya ta hana ni faɗa. Da ya sake nema na ce tirelar na wurin mai walda.

Kafin a cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ana iya haɗiye irin wannan a yi shiru. Yanzu ba ta haɗiyuwa. Ga yadda nake yi tun daga nan. A cika tanki a gaban mai tsohuwar motar kafin a tashi, a sake cikawa bayan an dawo, abin da famfo ya nuna shi ne kuɗin mai, ba ƙiyasi ba. Wannan ya fi lissafin kilomita, don mota mai jan kaya ta fi shan mai sosai, musamman a hawa. A kan wannan nake ɗora rabinsa saboda cin taya, birki da baƙin mai. Rabin nan ra'ayina ne, wani zai ce sulusi, amma a sa wani abu, tunda taya ba da addu'a ake sayenta ba. Sai abincin hanya, da ladan yaron da ya taya ɗauri, da na direba in shi aka tura. A ce mai ya ci naira 40,000: ka ga 60,000 ke nan, da ƙananan abubuwa a ce 70,000.

Daga nan sai a kira mai janwe a ji nasa farashin na wannan tafiyar. In abin da ɗan'uwa ya nema ya faɗo tsakanin abin da ya kashe da abin da ɗan kasuwa zai karɓa, babu wanda aka cuta. In ya yafe ladan wuninsa, alheri ne, a gode masa, amma ya yafe bayan an san adadin.

Abu biyu kuma a gama su kafin a ɗaura. Na farko, a ɗauki hoton motar ta kowane gefe, a yi magana a fili kan wanda zai ɗauki asara in gilashi ya tsage ko ɗauri ya kwance. Gilashin gaban 504 na asali ba kullum ake dacewa da shi ba, ko a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Na biyu, takardu. Mota marar lamba a bayan tirela tana jan idon kowane shinge, don haka rasit ɗin ciniki da tsofaffin takardun motar su kasance a hannun direba, ba a aljihun mai motar da ya riga ya wuce gaba a tasi ba. A kuma tashi da sassafe, a sake duba ɗaurin bayan kilomita ashirin na farko, don a nan ne yake saki.