Yawon bakin teku da iyali daga Akra: Jamestown, Elmina ko Busua?

Kafin ka sha mai ko ka yanki tikiti, duba ƙafar wanda ya fi kowa rauni a gidan: ɗan autan da aka yaye kwanan nan, ko Hajiya mai ciwon gwiwa. Ƙafar nan ce za ta zaɓar muku wuri.

Jamestown, da ke cikin Akra, ta fi arha. Daga Nima ko Sabon Zongo kuɗin mota kaɗan ne, kuma kafin la'asar kun dawo. Akwai hasumiyar fitila mai ja da fari, da tsofaffin ganuwoyi biyu (gine-ginen tsaro na Turawa), Ussher ta 1649 da James ta 1673, kusa da juna. Sai dai unguwar masunta ce: ƙarnin kifi, hayaƙin banda, cunkoso, ga shara a gaɓa. Tafiyar titi ce, ba ta yashi ba.

Ni Elmina nake ba wa yawancin iyalai. Daga tashar Kaneshie kusan awa uku ne, in cunkoson Kasoa bai riƙe ku ba, don haka a fita da an sallame asuba. Turawan Fotugal suka gina ganuwar Elmina a 1482, na Holan suka ƙwace ta a 1637, kuma daga kurkukunta aka riƙa loda bayi a jirage. Ana biyan kuɗin shiga, ɗan ƙasa ya fi baƙo rangwame, saboda haka a riƙo katin shaida. Tafiyar gajera ce amma cike take: ganuwa, sai gadar da ke kan ruwan Benya inda kwale-kwale suka yi cincirindo, sai hawan tudun Saint Jago, inda ake hango garin gaba ɗaya. Hajiya na iya zama a inuwa, matasa su hau. Ranar Talata masunta ba sa fita teku, don haka mai son ganin ana sauke kifi ya zaɓi wata ranar. Yaro ƙarami kuwa kada a tilasta masa shiga kurkukun. Duhu da zafin ciki ko babba sai ya yi shiru.

Busua zuwa Butre ita ce ainihin tafiyar yashi, kimanin kilomita 3, har ganuwar Batenstein ta 1656 a kan tudu. Ta fi sauran kyau, amma tana gaba da Takoradi, dole a kwana, kuɗin masauki ya hau kan lissafi. Da goyo ban ba da shawara ba.

Ko ina aka zaɓa, igiyar tekun Gana tana jan ƙafa, yara su tsaya iya idon sawu. Silifas sun isa a yashi, hawan tudu sai kambas. A ɗauki ruwan alwala da tabarmar salla a jaka.