Cire haƙori minti 20, kwanan zaune dare 4: abin da na gani a wani asibitin haƙori

Yau sati 5 ke nan da aka cire mini turmina na ƙasa ta ɓangaren hagu, kuma sai yanzu na iya zama in rubuta wannan ba tare da raina ya ɓaci ba. Mata uku suka tare ni a gidan suna ranar Asabar, kowacce na tambayar ko ta je inda na je. Na rasa amsar da zan ba su a tsaye, domin "eh" ba ta isa ba, "a'a" kuma zalunci ce. Ba zan kama suna ba. Asibitin haƙori ne mai zaman kansa a nan cikin Kano, irin waɗanda ake hawa bene, kuma kuɗin kati da na hoto kun san yadda suka koma yanzu.

Haƙorin ya kai shekara 2 da kogo. Da farko ruwan sanyi ne kawai ke tsira mini shi, sai in tauna kanumfari in danna a wurin, in wuce. Daga baya ya koma tashina cikin dare, da na kwanta sai ya fara bugawa kamar zuciya. Wata maƙwabciyata ta ce in ɗiga ruwan batir, wata ta ce akwai mai fitar da tsutsar haƙori a bayan kasuwa. Allah ya tsare ni, ban yi ko ɗaya ba. Can sai ciwon ya yi shiru wata da watanni, na ɗauka na warke. Ran da dasashina ya yi wani ɗan ƙurji a gindin haƙorin, ba na iya ko haɗa baki in tauna, ran nan Abban yara ya ce in shirya.

Ranar Talata muka je da hantsi. Tsakani da Allah, wurin tsaf yake. Kayan aikin a gabana aka farke su daga leda, likitar ta sa safar hannu sabuwa. Matashiya ce, ba za ta kai ni shekaru ba, amma ta san abin da take yi. Ta juyo mini da hoton haƙorin a kwamfuta ta nuna mini da biro. Ta ce, "Hajiya, kin ga wannan farin na waje? Shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi. Amma ƙwayoyin cutar da ke baki in suka samu sukari sai su riƙa fitar da tsami, tsamin ne ke cinye shi a hankali. Babu wata tsutsa." Ta nuna mini layi na biyu da ke ƙarƙashinsa, wanda ya fi laushi, ta ce da rami ya kai nan ake fara jin sanyi da zaƙi. Sannan ta nuna ɓargon tsakiya inda jijiya da hanyoyin jini suke. Shirun nan da na yi murna da shi, ashe jijiyar ce ta mutu, ruɓar kuma ta gangara ta saiwa ta taru a ƙashi. Ban taɓa samun wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayanin jikina haka ba, ko a wurin awo.

Allurar kashe zafin ta ɗan yi mini tsini a can ƙuryar baki, bayan 'yan mintoci rabin leɓena da gefen harshena suka yi nauyi. Turmin ƙasa saiwa biyu gare shi, nawa ɗaya ta lanƙwashe, amma ta yi ta girgiza shi a hankali tana cewa "sannu Hajiya, saura kaɗan" har ya fito ɗungurungum, bai karye ba. Minti 20 duka-duka. Dannawa kawai na ji, ban ji zafi ba. A zuciyata na riga na gama yabon wurin nan ga duk wanda na sani.

Daga nan ne komai ya lalace.

Likita ta cire safa ta shiga ɗaya ɗakin, don akwai wani a kan kujera yana jiranta. Yarinyar da ke taimaka mata ta tura mini auduga ta ce, "Anti ki cije," ta miƙo mini rabin takarda da aka yi wa hoto har rubutun ya koɗe, da Turanci, ta leƙa waje ta kira na gaba. Shi ke nan. Bakina a karkace, kaina na juyawa, na cusa takardar cikin ledar magani muka sauko.

Mun isa gida ana kiran azahar. Na fitar da audugar, bakina duk ƙarnin jini. Me Musulma za ta yi? Alwala. Na kurkure baki sau uku, kuma da ƙarfi na kurkure, don ina so jinin ya fita in yi salla da tsarki. La'asar haka, magariba haka, lisha haka. Tsakanin salloli ina ta tofar da yawu. Da zan sha magani na fasa ledar fiya wata da haƙoran gaba na zuƙa, yadda kowa ke sha. Da yamma Yaya ta aiko mini da kunun gyaɗa mai zafi a fulas, ta ce tunda ba zan iya tauna ba in sha wannan. Na sha kofi biyu. Duk abin da bai kamata mai sabon rami a baki ya yi ba, na yi shi a yini ɗaya, kuma ban san laifi nake wa kaina ba.

Laraba lafiya lau. Daren Alhamis ya fara. 'Yan'uwa, na haifi 'ya'ya 4, na san ciwo, amma wannan daban ne. Daga ramin yake tasowa ya bi muƙamuƙi ya shiga kunne, ya hau har gefen ido. Ba ya bugawa ya lafa kamar na da, a tsaye yake cak. Bakina ya fara wani irin wari da ni kaina nake ji, ga ɗaci a harshe. Na haska da fitilar waya a madubi, sai na ga ramin fayau, babu komai a ciki sai wani abu fari-fari a ƙasa. Ashe ƙashina nake kallo.

Juma'a na kira lambar da ke jikin kati sau 6, ba a ɗauka ba. Asabar da safe wata ta ɗauka, na gane muryar mai zaman teburin karɓar kuɗi ce. Ina magana ina hawaye, ta katse ni: "Haka yake yi ai, ki ci gaba da shan maganinki." Na ce don Allah ta haɗa ni da likita. Ta ce likita na aiki. Ta kashe. Lahadi ba sa buɗewa. Abban yara ya je kemis aka haɗo mini kafso na kashe ƙwayoyin cuta da wani maganin zafin, na sha, kamar na zuba a rariya. Dare 4 ina zaune a bakin gado na riƙe kunci, ƙaramar 'yata tana farkawa tana tambaya, "Mama me ya same ki?"

Litinin tun kafin su buɗe muna ƙofa. Yarinyar teburin ta dubi katina ta ce sai na sake biyan kuɗin ganin likita. Mutumin da ba ya ɗaga murya ko a gida, ran nan sai da na riƙe hannun rigarsa. Muka biya, muka zauna awa 2 cur, waɗanda suka zo wankin haƙori suna shiga gabana saboda su ne ke da alƙawari.

Da likitar ta buɗe bakina sai fuskarta ta canza. Ta ce, "Subhanallahi, Hajiya, tun yaushe?" Ta yi mini bayani cewa idan aka cire haƙori, jini ne ke daskarewa ya cika gurbin, kuma wannan gudan jinin shi ne murfi, shi ke rufe ƙashi da jijiyoyi, a kansa ne sabon nama ke tsirowa. In ya fita ko ya narke da wuri, ƙashi ya zauna a buɗe, iska da abinci da yawu suna taɓa shi. Ta ce sunansa a wurinsu busasshen gurbi, yakan taso kwana 2 zuwa 4 bayan cirewa, kuma kafson da na sha ba shi ne maganinsa ba. Ta wanke ramin da ruwan gishiri a sirinji, ta cusa wani abu mai launin ƙasa-ƙasa, yana ƙamshin kanumfari sak, don daga man kanumfarin ake samo sinadarin da ke cikinsa. Wallahi kafin minti 15 ciwon da ya hana ni barci dare 4 ya sauka kamar an zare ƙaya. Kuka na fashe da shi a kan kujerar.

Sai ta tambaye ni, "Ba a gaya miki kar ki kurkure baki ba har awa 24?" Na ce wa zai gaya mini? Na zaro takardar daga jaka. Muka duba tare. An rubuta kar a kurkure, gaskiya ne, a layin da ya fi koɗewa. An rubuta kar a sha abu da tsinken shan lemo, kar a sha taba. To ni ina ruwana da tsinken lemo? Mu fiya wata muke zuƙa, kuma zuƙar ɗaya ce, ita ke fizgo jinin. Asibiti a tsakiyar Kano, kusan duk wanda ya sauka daga benen nan alwala zai yi kafin rana ta faɗi, amma babu kalma ɗaya a kan alwala. Tun muna Islamiyya muka san kurkurar baki sunna ce, ba farilla ba. Da an ce mini, "Hajiya, yau ki bar kurkura, ki cije audugar rabin awa, kar ki tofar, kar ki zuƙi komai, abin da za ki sha ya huce, gobe ki fara ruwan ɗumi da gishiri a hankali," da ban ƙi ba. Maganar minti 2 ce.

Ta ba ni haƙuri, ta fita da kanta ta sa aka mayar mana da kuɗin da muka biya da safe, ta rubuta mini lambarta a bayan kati. Ta kuma gaya mini, kuma na yarda da ita, cewa abin yakan samu har wanda ya kiyaye komai, ya fi yawa a turamen ƙasa, ya fi samun mata da masu shan taba. Na fito ina cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, likita ba ta da laifi, ma'aikatanta ne. Na koma sau 2 aka canza abin da ta cusa, ba a karɓi ko sisi ba, wajen kwana 10 ramin ya fara cikowa.

Amma a zuwana na ƙarshe wani abu ya sake tayar mini da hankali. Wani dattijo da muke zaune tare ya ce shi zuwansa na uku ke nan, ana kashe masa jijiyar haƙori ne. Ana huda haƙorin ta sama, a kwashe mataccen ɓargon, a wanke hanyoyin saiwar, a cike su, sannan a sa masa hula. Haƙorinsa na nan a bakinsa. Da na shiga na tambaye ta ko nawa ba zai yi haka ba. Ta yi ɗan jim, ta ce bango ɗaya na haƙorin ya riga ya karye, za a iya gwadawa amma babu tabbas, kuɗin kuma ya ninka na cirewa sau da yawa, sannan ni ce na shigo ina cewa a cire. Haka ne, ni na ce. Mai ciwo me zai ce? Amma ban san akwai wata hanya ba, ita ta sani. Aljihuna ne, da ta bar ni na auna. Wataƙila in ce ba ni da shi, wataƙila in sayar da zobe. Wadda ta ɗauki lokaci ta nuna mini ɓargo da saiwa a hoto, me ya hana ta ƙara wannan? Nan yabona ya ragu, kuma har yau bai koma yadda yake ba.

Haƙoran babba 32 ne, mutum sai ya ga kamar ɗaya ba komai ba ne, tunda ba a gaba yake ba balle a ga giɓi. Sai ka rasa turmi za ka san aikinsa. Yanzu da dama kawai nake tauna, nama in ba ya dahu luguf ba sai in bar shi. Ta ce in aka bar gurbin shekaru, na bayansa zai kwanto ciki, na sama kuma ya zubo ƙasa tunda babu abin da ke tare shi. Mafita ita ce haƙorin roba na sawa da cirewa, ko a yi gada a jikin maƙwabtansa, ko a dasa ƙarfe a ƙashi a ɗora haƙori. Da na ji kuɗin na ƙarshen ban ƙara tambaya ba.

Abu ɗaya da na tsinta wanda ba zan manta mata ba: ta ce wannan turmin da na rasa shi ne na farko da ke fitowa a haƙoran girma, yaro na da kamar shekara 6, a bayan haƙoran nono 20 yake tsirowa ba tare da wani ya faɗi ba. Shi ya sa iyaye ke ɗauka na famfara ne, su ƙyale shi ya ruɓe. Da na dawo gida na kira 'yata mai shekara 7, wadda kullum da alawa a hannu take dawowa daga makaranta, na haska bakinta. Ga baƙin ɗigo nan a tsakiyar turmin dama.

Ciko za a yi mata, kuma bayan dogon tunani wurin likitar nan zan kai ta, don hannunta na da sauƙi kuma yarinya ba za ta tsorata ba. Lambarta na kira kai tsaye, ban bi ta teburi ba, domin "haka yake yi ai" ɗin nan har yanzu tana kunnena. Ta ba mu Asabar da ƙarfe 10. Na rubuta tambayoyina 4 a takarda na sa a jaka, ta farko ita ce me za ta ci, me ba za ta ci ba in mun koma gida.